Na kalli wani tsohon fim ɗin bebaye mai suna It, don Allah wa zai min bayani?

Zee_Tarauni:

Assalamu alaikum 'yan gida. Masu sanin finafinan Turawa na da ku matso kusa, tambaya ce da ni kuma don Allah kar wanda ya min dariya.

Shekaranjiya da daddare na dawo daga aiki a gajiye liƙis, babu wuta, zafi ya hana barci, ina kwance ina ta latse-latsen waya sai YouTube ya wullo min wani fim baƙi da fari, sunansa wai It, haruffa biyu kacal, na 1927. Na ce bari in leƙa minti biyu in ga yadda mutanen da suke, wallahi ban ankara ba sai ga ni a ƙarshensa, awa ɗaya da 'yan mintuna, cajina saura kashi 4. Kuma fa ba a magana a ciki ko kaɗan, sai kiɗa, in an faɗi abu mai muhimmanci a rubuto shi a baƙin allo ka karanta a ci gaba.

Abin da ya riƙe ni shi ne yarinyar irin aikina take yi. Betty Lou sunanta, tana tsaye bayan kanta a wani makeken kanti, wuni a tsaye, kwastoma ya sa ki sauke kaya goma ya tafi bai sayi ko ɗaya ba kuma dole ki washe masa baki, duk wadda ta yi aikin shago ta san wannan. Sai ta ƙyalla ido ta ga ɗan mai kantin, Cyrus, wanda aka bar wa riƙon wurin, ta ce ita fa shi take so. Shi kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba, yana ma da budurwarsa 'yar masu kuɗi. Abokinsa Monty, wani wawa-wawa haka mai gashin baki, shi ya fara ganinta ya ce zai kai ta cin abinci, ita kuma ta ce sai dai a kai ta Ritz, wurin cin abincin masu kuɗi, don ta ji can ogan zai je. Ba ta da kayan zuwa irin wurin, sai ta ɗauko almakashi ta yayyanke rigar aikinta tana jikinta, ƙawarta na taya ta, kafin ka ce kwabo ta koma rigar biki. Nan na tashi zaune na yi ta dariya ni kaɗai har Mama ta leƙo ta ce lafiya.

To tambayoyina. Na farko mene ne ma'anar It ɗin nan da suke ta nanatawa, wai wance tana da It wane ba shi da It? Na san it a turanci shi ne abu, to wane abu? Na biyu a ƙasan bidiyon mutane na ta rubuta flapper flapper, su wa ye su, 'yan iska ne ko 'yan gayu? Don ni yarinyar nan ban gane mata ba, gashi a yanke kamar namiji, riga iya gwiwa, ita ke bin namiji, amma da ya rako ta gida ya ce zai sumbace ta a mota sai ta kwashe shi da mari, ta haye sama da gudu, sannan ta koma taga tana leƙensa tana murmushi. Na uku ya aka yi fim mai shekara kusan ɗari yake a waya kyauta kuma hoton garau?

Ɗan_Sabongari:

Wa alaikumus salam. Malama Zee kin faɗo gidan da ya dace, ni wannan fim na kalle shi ya fi sau uku, bari in ɗauko daga ta ƙarshe don ita ce mai sauƙi.

A dokar Amurka fim ɗin wancan zamani haƙƙin mallakarsa shekara 95 ne, duk abin da ya fito a 1927 ya zama na kowa tun ranar 1 ga Janairun 2023, shi ya sa kowa ke ɗora shi ba a sauke masa. Kuma kin yi sa'a da ya rayu ma. Zaren fim ɗin da suke amfani da shi a lokacin wani sinadari ne mai cin wuta kamar fetur, in ya tsufa ya narke ya zama gari, rumbun kamfanin Fox ya ƙone ƙurmus a 1937, na MGM ma ya kama a 1965. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2013 cewa cikin manyan finafinan bebaye kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, kashi 70 cikin ɗari sun ɓata gaba ɗaya. Shi kansa It an daɗe ana zaton ya salwanta sai da aka tsinci kwafinsa a birnin Prague. A 2001 suka saka shi cikin jerin finafinan da ƙasa ke adanawa.

Batun It kuma, wata marubuciya ce 'yar Ingila, Elinor Glyn, ta yayata kalmar. Kin tuna wata dattijuwa da ta shigo wurin cin abincin nan a taƙame, Cyrus ya tambaye ta ma'anar It? To ita ce da kanta, ba 'yar wasa ba ce, kamfanin Paramount ya saka ta ne don talla. Ta rubuta labari mai wannan suna a mujallar Cosmopolitan, ita ce mujallar da Monty yake karantawa a farkon fim har ya je gaban madubi ya yanke wa kansa hukuncin cewa yana da shi. Amma labarin fim ɗin daban ne da nata, sunan kawai da shaharar suka saya. Abin da take nufi shi ne wani maganaɗisu da wasu mutane ke da shi, mace ko namiji, ba lallai kyau ba, mai shi ma bai damu da ko ana kallonsa ba amma ido ba ya barinsa. Ana ma ba da labari cewa da aka tambaye ta su wa ke da shi a garin 'yan fim, sai ta lissafa Clara Bow da Antonio Moreno, wato Betty da Cyrus ɗinki, da wani doki da ake saka wa a fim, da mai gadin ƙofar wani otal. Daga fim ɗin nan aka laƙaba wa Clara Bow sunan It girl, har yau jaridunsu na kiran duk yarinyar da ake yayi da wannan suna. Ni a Hausa zan ce farin jini.

Su kuma flapper, sai kin duba abin da ya faru kafin nan. Yaƙin duniya na farko ya ƙare a 1918, ga annobar murar da ta kashe miliyoyi a daidai wannan lokaci, samari da 'yan mata suka fito da tunanin cewa rayuwar nan ba ta da tabbas gara a more. A 1920 aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka gyara na 19 mata suka samu damar jefa ƙuri'a a duk ƙasar, kuma ƙidayar shekarar ita ce ta farko da ta nuna mutanen birni sun fi na ƙauye yawa. 'Yan mata suka cika ofisoshi suna buga tafireta, suna haɗa layin tarho, suna tsaron kanti kamar Betty, albashin ba yawa amma nata ne, ba sai ta roƙi baba kuɗin jan baki ba. Ga motar Ford ta yi arha har talaka na iya saya, saurayi ya daina zuwa zance a falo gaban iyaye, sai dai ya yi hon ta fito. A 1920 ɗin dai aka hana sayar da giya a ƙasar baki ɗaya, dokar ta kai har 1933, amma maimakon a daina sha sai aka koma gidajen ɓoye, kuma a can mata suke zama teburi ɗaya da maza ana kiɗan jaz ana rawar Charleston. To yarinyar da ta yanke gashi, ta rage tsawon riga, ta shafa jan baki a bainar jama'a, wata har da sigari, ita ce flapper. Limaman coci sun yi ta wa'azi a kansu, wasu wuraren aiki har korar wadda ta yanke gashi suke yi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, kiɗan da rawar duk daga baƙaƙen fatar Amurka suka fito, wanda ya rubuta kiɗan Charleston da ya shahara a 1923 baƙi ne, James P. Johnson, amma a gidan rawar Cotton Club da ke unguwar baƙaƙe ta Harlem baƙi yana kan dandamali yana kiɗa, kujerun kallo kuwa na farare ne. Ki duba kantin nan na fim ɗin da kyau ki ga fuskokin da ke ciki.

Af, ɗan jaridar nan dogo da ya tsaya yana rubutu lokacin rigimar jaririn ƙawar Betty, Gary Cooper ne, lokacin ba kowa ba ne, daga baya ya ci Oscar har sau biyu.

Baba_MaiRitaya:

Salamu alaikum. 'Yata Zee, na ga kin yi mamakin kallo babu magana, to mu da majigi muka tashi. Motar ma'aikatar yaɗa labarai ta zo gari da la'asar, yara mu bi ta da gudu, bayan isha a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, mutum ɗaya ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa, wani lokaci abin da yake faɗa ya fi abin da ke kan ƙyallen daɗi. Daga baya kuma muka shekara muna kallon Indiya ba mu jin ko kalma ɗaya amma mu fito muna ba da labarin tiryan-tiryan. Ido yana da nasa kunnen. Don ki gane tsufan fim ɗinki, 1927 shekara ɗaya kenan da naɗa Sarkin Kano Abdullahi Bayero, sinimar Rex ma ba a buɗe ta a Kano ba sai 1937.

Jikana ya kunna min shi jiya bayan na ga tambayarki, na kalla har ƙarshe. Yarinyar ta iya wasa, ba musu. Amma ni gaskiya ba zan yaba tarbiyyar ba. Yarinya ta ga namiji ta ce shi take so, ta yaudari abokinsa ya kai ta otal da kuɗinsa alhali ba shi ne a ranta ba, bawan Allah nan Monty son maso wani kawai ya yi ta yi har fim ya ƙare. Sannan ta shiga jirgin ruwan mutane da sunan ƙarya. Kuma Hausawa sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi fashewa take, mai tsaron kanti ina ita ina ɗan mai kanti? A fim ne kawai ake ƙarewa da dariya. Irin wannan kallon ne ke sa yaranmu raina saurayi mai keke.

Kuma Ɗan_Sabongari ban yarda da farin jini ba. Farin jini ai har mai shayi na iya samunsa, jama'a su yi ta zuwa teburinsa su bar na kusa da shi. Abin da matar nan take nufi ya fi kama da kwarjini.

Anti_MaiKeke:

Baba ina wuni, Allah ya ƙara girma, amma yau kam zan ɗan saɓa maka, a yi min afuwa.

Kwarjini ai shi ne ka ga mutum ka sunkuyar da kai ka gyara tsayuwa, irin na sarakai da manyan malamai. Wa zai ga yarinyar nan ya sunkuyar da kai? Ita ganinta ake a ji ana son a matsa kusa. Mu a shago cewa muke wance tana da shiga rai. Akwai yarinyar da za ki ɗinka wa leshi na dubu ɗari ta saka kamar an rataya a ƙusa, wata kuma atamfa 'yar roba ce amma in ta shigo gidan biki kowa sai ya juyo. Shekara 19 ina ɗinki, na ga wannan ya fi a ƙirga.

Zee ni wurin almakashin nan na maimaita ya fi sau biyar, sana'a ta motsa. Kin san abin da ya sa hakan ya yiwu? Ɗinkin zamanin ne. Iyayensu mata wata rigar ciki suke ɗaurawa mai ƙarafa a jiki, a ja igiya ta baya a matse ƙugu har numfashi na wahala, ga riga har ƙasa yadi a kan yadi, mace ba ta iya shiryawa ita kaɗai. Su kuma waɗannan suka watsar, riga ta zama miƙaƙƙiya kamar buhu, ƙugun ya sauko wajen kwankwaso, babu dat babu matsi, duk mai keke a gida za ta iya yanka ta ta haɗa a wuni ɗaya. Shi ya sa 'yar kanti ta iya shiga wurin masu kuɗi ba a gane ta ba sai an duba yadin. Hular nan kuma mai kama da an kifa ƙwarya ba ta zama a kai sai an yanke gashi, abu ɗaya ne ya jawo ɗaya. Amma maganar Allah in kika yanka riga tana jikin mutum haka ba ƙarfe ba kalmasa, kafin ku kai titi bakin ya fara zare, wannan kam ƙaryar fim ce hhhh.

Yanzu Baba batun tarbiyya. Ka tsallake wurin da ya fi komai. Ƙawarta Molly ba ta da lafiya, ba ta iya aiki, ga jariri, Betty ce ke riƙe da su a ɗan ɗakinta da albashin kanti. Matan hukumar jin daɗin jama'a suka zo za su ɗauke yaron don uwar ba ta da halin riƙe shi, uwar na kuka tana ƙanƙame ɗanta, maƙwabta sun cika ƙofa ana kallo ba mai cewa uffan. Yarinyar nan ta ratso ta ce ɗana ne, kuma ina da aiki, ku fita. Budurwa fa, ba aure, a gaban ɗan jarida, ta san gobe sunanta zai ɓaci a gari. Cikinmu nan wa za ta iya? Ni dai ban sani ba ko zan iya, Allah ya gani.

Sannan shi ɗan masu mutuncin, da labari ya je masa me ya yi? Bai kira ta ya ce Betty gaya min gaskiya ba. Cewa ya yi zai kama mata gida ya saya mata gwala-gwalai ya ba ta komai, banda aure. Wato ajiye ta zai yi. Ita kuma da ake cewa 'yar iska ta ajiye masa aikinsa ta fita tana kuka, ba ta da ko sisi a ajiye. To Baba tsakanin mai gajeriyar riga da mai kwat da nakatayel wa ya fi tarbiyya a nan?

Issoufou_Damagaram:

Sannunku da hira. Anti kin gama magana. Ni abin da zan ƙara kaɗan ne, mu da muka yi lakwal da faransanci, su a Faransa garçonne suke ce ma irin waɗannan 'yan mata, wato mace mai kama da yaro namiji, daga sunan wani littafi na Victor Margueritte da ya hito a 1922, ya tada ƙura har gwamnati ta ƙwace mishi lambar girman da ta ba shi. Kenan ba Amurka kaɗai ba ne, Jamus da Japan ma sun yi nasu a lokacin. Kuma Baba abin da ka faɗi na mai lasifika, a Japan a zamanin fim ɗin bebaye sana'a ce babba, benshi suke ce musu, mutum ya tsaya gefen allo yana yin muryar kowa, wasu don shi suke sayen tikiti ba don fim ɗin ba. A Amurka kuma mai piyano ne ke zaune ƙasan allo, manyan sinimomi har da ƙungiyar makaɗa, kiɗan da Zee ta ji daga baya aka ɗora shi.

Amma Anti a yi ma Cyrus adalci guda. A cikin jirgin ruwa lokacin da ya ce ta aure shi, bai san gaskiyar jaririn ba tukuna, yana zaton nata ne kuma duk da haka ya nema. Sai bayan ta yi mishi dariya ta ce gara ta auri masinjan ofishinsa sannan Monty ya gaya mishi. Ko ba komai ya sauko da kanshi.

Anti_MaiKeke:

Ya sauko ko an sauko da shi? Malam Issoufou sai da ta bi shi har cikin teku tana kaɗa masa 'yar garayar nan tana juya ido fa. Da ta zauna a ɗaki tana kuka da shikenan ya auri budurwarsa Adela ya manta da ita. Amma na karɓa, rabin maki.

Ni Adelar ma tausayi ta ba ni, ba ta yi wa kowa laifi ba, an ƙwace mata saurayi, jirgi ya yi karo ta faɗa ruwa, wadda ta ƙwace shi ta zo ceto ta ƙara mata da naushi a fuska wai don kar ta nutsar da su.

Baba_MaiRitaya:

Hajiya mai keke na ji, batun jaririn kin fi ni gaskiya, na koma na sake kallon wurin. Shiga rai ɗin ma na bar miki. Amma sunan ƙarya a jirgi da wahalar da Monty ina nan a kan bakana.

Zee_Tarauni:

Kai amma na gode wallahi, ban zaci za a amsa haka ba. Baba na gode, Allah ya ƙara lafiya, kuma ka kwantar da hankalinka ɗan mai kantinmu yana da mata biyu da tumbi, ba ruwana da shi hhhh.

Anti abin da kika faɗa ne ya tsaya min. Akwai wata da muka yi aiki tare a wani shago kafin wannan, kullum da yamma ana kawo mata wani yaro ta riƙe kafin a tashi, ɗan yayarta ne da ke kwance a asibiti, ba wanda ya tambaye ta, kawai aka fara ƙus-ƙus wai nata ne ta ɓoye, har maganar ta kai kunnen wanda ke nemanta. Ita ba ta samu jirgin ruwa ba, barin aikin ta yi kawai. Da na ga wurin nan ita na tuna.

Ƙarshen dai ya burge ni, su biyun a jiƙe sharkaf sun maƙale a jikin angar jirgi, sunan jirgin Itola amma sun tare sauran haruffan sai I da T kawai ake gani a tsakaninsu. Sai da na mayar baya na gane.

Yaya Ɗan_Sabongari ita jarumar fa, ya ta ƙare? Yadda take dariyar nan da tsalle-tsalle na ce wannan ba ta taɓa sanin damuwa ba.

Ɗan_Sabongari:

Ai kuwa ƙanwata nan kika yi kuskure, da wuya a samu wadda ta sha wuya kamarta cikin taurarin lokacin. An haife ta a Brooklyn cikin birnin Niyok a 1905, gidan talauci na ƙin ƙarawa, yayyenta mata biyu duk sun mutu suna jarirai, uban yau yana nan gobe ba ya nan, uwar kuma tana fama da farfaɗiya da taɓin hankali. Tana 'yar shekara 16 ta aika hotonta gasar wata mujallar fim a 1921 ta ci. Uwar ba ta son harkar ko kaɗan, wani dare Clara ta farka ta ga uwar tsaye a kanta da wuƙa a wuyanta. Ta tsira, uwar ta ƙare a asibitin masu taɓin hankali ta rasu a 1923, ita kuma tun daga nan barci ya zame mata wahala har ƙarshen rayuwarta. Don haka 'yar kantin nan da ke zaune a ɗaki ɗaya da mara lafiya ba koya mata aka yi ba.

Aiki kuwa kamar injin markaɗe, a 1925 kaɗai ta yi fim sama da goma. Lokacin It tana da shekara 21, shi Moreno ya kusa 40. A 1927 ɗin dai ta fito a Wings, fim ɗin da ya fara cin kyautar Oscar ta fim mafi kyau. A Janairun 1929 wasiƙun masoya sama da 45,000 aka aiko mata a wata ɗaya. Amma manyan garin 'yan fim ba sa gayyatarta liyafarsu, wai ba ta da aji, bakinta na 'yan unguwa ne, ba ta iya ɓoye inda ta fito ba. Kin ga akushin da Baba yake faɗa.

Sai sauti ya shigo, fim mai sauti The Jazz Singer ya fito a Oktoban 1927, wata takwas kacal bayan It, cikin shekara biyu zuwa uku fim ɗin bebaye ya mutu. Mutane na cewa muryarta ce ta kashe ta, ba haka ba ne, fim ɗinta na farko mai magana a 1929 ya yi kasuwa. Abin da ta tsana shi ne makirufo, da tana yawo gaban kyamara yadda ta ga dama darakta na mata magana ana ɗauka, yanzu an ce tsaya nan kar ki motsa ki haddace layi. A Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta rushe, mutane suka rasa aiki, riguna suka koma dogaye, yayin flapper ya wuce kamar ba a yi ba. A 1931 ta yi shari'a da sakatariyarta kan kuɗi, aka baje sirrinta a kotu, wata jarida ta ƙara da ƙarairayi na ƙazanta har mai jaridar ya tafi gidan yari, amma sunan ya riga ya ɓaci, ita kuma ta kwanta asibiti. Abin da aka yi wa Betty a wasa shi aka yi mata da gaske.

A shekarar ta auri Rex Bell, ɗan wasan finafinan kaboyi, suka koma wani gandun shanu a jihar Nevada, ta yi fim ɗinta na ƙarshe a 1933 tana da shekara 28, ta haifi 'ya'ya maza biyu. Mijin har ya zama mataimakin gwamnan jihar, ita kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ya sa ta koma zama ita da mai jinya ba ta cika fita ba, ta rasu a 1965 tana da shekara 60.

In kina son wani irinsa ki nemi The Flapper na 1920, shi ma yana nan kyauta, 'yar makarantar kwana ce a ciki, ya fi wannan yarinta.

Zee_Tarauni:

Ikon Allah. Yanzu in na sake kallon wurin tagar nan ba zan iya dariya kamar da ba. Zan nemi ɗayan ranar Lahadi in an kawo wuta, datata ta kusa ƙarewa. Anti in na kawo miki tsohuwar rigar aikina za ki gwada min almakashin? Amma a cire ta tukuna.

Anti_MaiKeke:

Kawo, amma kuɗin ɗinki cikakke za ki biya, kuma ba ruwana da Mama in ta ga tsawon.